Laminu, Kada Ka Dawo Don Rumfata

Daga Tsibiri

Zuwa ga ɗana Laminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta riske ka cikin ƙoshin lafiya, ya sauke ku Lome lami lafiya, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe, da direba mai gyangyaɗi, da masu tare hanya, masu kaki da marasa kaki. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Na cusa takardar cikin 'yar tukunyar da aka ɗaure maka a buhu, don na san ba za ka kwance kaya ba sai ka sauka. Lokacin kuwa ka yi nisa, ba ka iya juyowa ka yi mini gardama.

Ranar da ka zo sallama ka durƙusa ka ce, "Baba, ka riƙe mini rumfar. In na koyo aikin sababbin injuna zan dawo mu tada ta." Na ce maka Allah ya kiyaye hanya, ban ƙara komai ba. Ka san halina, in na buɗe baki kan rumfar nan maganar faɗa take komawa, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Maganata ɗaya ce: ka koyi aikin, ka ci abincinka a can, amma kada ka dawo Maraɗi don rumfata. Dalilin ba asiri ba ne, duk layin masu garaji sun san shi, har masu tallan fura. Kai ne dai ka ji shi gutsure-gutsure a bakin mutane, don kana lakwal, wato makaranta, lokacin da abin ya faru.

Ni a kan baƙin ƙarfe na koyi aiki. Maigida Tanko, Allah ya jiƙansa, shi ya ɗora hannuna kan injin yanka, shi kuma ya bar mini shi da tsufa ya zo masa. Aikin wancan zamani a fili yake. Mota ta tsufa, tana hayaƙi, tana shan mai, sai a sauke inji a kawo mini gangar jikinsa, wato bulok. In zura yatsa cikin ramukan da fistan ke hawa da sauka in ji inda ya cinye. In ɗora a inji in yanke ramin ya ƙara faɗi kaɗan, in bi shi da dutse har ya yi zane mai giciye wanda ke riƙe mai, a sa fistan mai girma da sababbin zobba, shi ke nan mota ta dawo hayyacinta. Baƙin ƙarfe mai haƙuri ne. Samansa da cikinsa duk abu guda ne, ka yanke shi bana, bayan shekaru ka sake yankewa, bai ce maka komai ba. Daga Tasawa da Madawa ake ɗauko mini injuna, har daga Jibiya ana tsallakowa da su. Kaina ya kumbura, gaskiya ke nan. Na kai in aparanti, yaron da ke koyon aiki, ya yi mini tambaya sai in ce ya je ya wanke kayan aiki.

Sai zamanin jam'iyyu ya zo. Ka tuna, tuta a kan kowane kabu-kabu, kowa da wanda yake yi, wa da ƙane ba su gaisawa. Ma'aikata na ta yajin aiki don ba a biya su ba, motocin gwamnati da nake samun aiki a kansu suka zauna kan duwatsu. A lokacin ne Alhaji Barmo na unguwar Zariya, mai fataucin atamfa, ya sa aka kawo masa wata mota daga Turai don yawon kamfe. Baƙa wuluk, in tana kunne sai ka dafa ta kake sanin a kunne take. Injinta na goran ruwa ne, abin da ku yaran yanzu kuke ce wa alminiyom. Mutum biyu na ɗaga bulok ɗinta, alhali irin namu na da sai da sarƙa.

Ba ta daɗe ba ta fara ciwo. Da safe ba ta tashi sai an tura, ka kuwa san abin kunya ne a ga 'yan jam'iyya na tura motar Alhaji a ƙofar gida. Man da take sha irin namu ne, na kwalba da jarka wanda ake shigowa da shi ta daji, wani zubin ma wari yake kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Tsofaffin motocinmu shanye shi suke su yi gyatsa. Ita wannan ashe cinye mata ciki yake yi a hankali, amma sai daga baya na sani. Ana cikin haka darajar kuɗinmu na sefa ta karye, duk abin da ke zuwa daga Turai ya fi ƙarfin mutane, har Alhaji sai ya yi tunani kafin ya ce a sayo sabon bulok. Sai aka ce masa ai akwai Isa, wato ni.

Da kansa ya zo rumfa. Ya tattare babbar rigarsa don kada ta taɓa baƙin mai, ya ce, "Malam Isa, an ce ba injin da ya gagare ka."

Na ce, "Alhaji, ai ƙarfe ƙarfe ne."

Ya ce, "Ko in sa a tambayo mutanen Lome da suka kawo ta? Akwai talho a kanti, ba wuya."

Wallahi Laminu, da na ce to, da yanzu ba ka karanta wannan takarda. Amma maƙwabtan rumfa sun taru suna kallon Alhaji, sai na ɗaga murya don su ji, na ce, "Alhaji, in sai an tambayo Lome, me ya kawo ka wurina?" Ya yi murmushi ya ce to, Allah ya ba da sa'a.

Da aka tafi na zura yatsa cikin ramin. Tun a nan jikina ya ba ni. Na nemi bakin shamis, wato bututun baƙin ƙarfen nan da ake sa wa wasu injuna a rami, ban ga alamarsa ba. Ramin sumul yake, toka-toka, sai can sama inda ya yi ɗan zanzana. Ban taɓa jin irinsa ba. Duk da haka na ɗora a inji. Da wuƙar ta taɓa shi sai ta yi wani kuka siriri da ban taɓa ji ba, bakinta ya dakushe nan take. Na wasa ta na sake turawa da ƙarfi. Tana wuce wannan tauri sai ta lume cikin abu mai laushi kamar sabulu, ɓawon na fita fari tas. Maimakon in tsaya, murna na yi, na ce na ci ƙarfinsa. Haka na bi ramukan duka, na goge su da dutse, suka yi ƙyalli har kana ganin fuskarka.

Abin da na yanke na zubar a ƙasa shi ne injin. Wannan taurin da ya dakushe mini wuƙa wani shafi ne da masu ƙera motar suke yi wa bangon ramin, kaurinsa bai fi ɓawon albasa ba, kuma a kansa zobban fistan ke gudu. Man kwalba ne ya ci shi daga sama. Ni kuma na zo na kankare sauran, na bar goran ruwa tsirara. Don haka ka ji ni da kyau. In ƙarfe ya yi maka kukan da ba ka saba ji ba, kashe inji ka zauna. Kafin ka taɓa ramin goran ruwa, sa masa maganaɗisu. In ya kama da ƙarfi akwai shamis, wannan ana yankawa. In ya ɗan ja kaɗan, mai shafi ne, wuƙa ba ta shiga sai in ka san abin da za ka mayar. An ce mini akwai na uku wanda ba ya kamawa sam, taurinsa a cikin ƙarfen yake kamar tsakuwa a cikin gero, bayan yanka sai an goge da wani magani har ƙwayoyin su fito fili. Wannan ji na yi, ban taɓa gani ba, kada ka riƙe shi daga bakina. Ka tambayi ubangidanka na can, ko da zai zage ka gaban mutane. Zagin safe kafin azahar an manta.

Na haɗa injin, ya tashi da bugu ɗaya, aka yi ta yi mini barka. Alhaji yana da taron jam'iyya a Jiratawa, ya ce in zo in zauna gaba in ji daɗin aikina. Na sa rigar Juma'a. Mun bar gari lafiya. Muna kusa da lambuna na ga allurar zafi na hawa, na yi kamar ban gani ba. Sai ƙwanƙwasa ta fara, direba ya dube ni, na kau da kai ina kallon rake. Daga nan injin ya yi wata ƙara ya ɗaure. Muka tsaya tsakiyar hanya, hayaƙi na fita, mata masu ɗauke da zogale suka ja suka tsaya kallo. Alhaji a bayan kabu-kabu ya ƙarasa wurin taron, yana riƙe da hula, 'yan wancan ɓangaren na yi masa ihu. Kafin ya hau ya juyo ya ce, "Ba komai, Malam Isa. Ka sake duba ta." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Da na buɗe, goran ruwan ya narke ya manne jikin fistan kamar ƙanzo a gindin tukunya. Nan ya kamata in je unguwar Zariya in ce, Alhaji, wannan ya fi ƙarfina. Ban je ba. Aikawa na yi na ce an gano matsalar, shamis za a sa. Kuma ka ji abin takaici, shamis ɗin ita ce maganin, ni ne ban iya sa ta a goran ruwa ba. Na sassaƙo bututu daga baƙin ƙarfen wani tsohon kamiyo, wato babbar motar kaya, na faɗaɗa ramukan tun daga sama har ƙasa, ban bar wani ɗan dakali a gindi da shamis za ta zauna a kai ba. Na ɗora katako na yi ta maka mata guduma, duka a sanyi, yadda na saba. Da na zo ɗaure kan inji kuma na zura bututu a kile, wato sufana, na hau da ƙarfina, har na ji wata ƙusa mai zare ta saki a hannuna, ta cinye zarenta. Na toshe wurin da dabara na rufe bakina.

Goran ruwa in ya ji zafi ya fi baƙin ƙarfe buɗewa. Wannan duk macen da ke dafa abinci ta san shi, ni da nake kiran kaina gwani ban yi tunaninsa ba. Motar ta yi 'yan kwanaki tana zagaya gari. Ran nan da tsakar rana, zafin bazara, a gaban babbar kasuwa, bulok ya buɗe ya saki shamis guda, ta zame ƙasa, sandar fistan ta kama ta ta fasa gefen injin. Ramin da ta yi kana iya zura hannu. Yadda ake yi, daga baya wani ɗan Gana da ya ratso ya gaya mini, shi ne a bar dakali a gindi, a gasa bulok ya yi zafi sosai, a sa shamis cikin ƙanƙara ta tsuke, sai a sake ta ta faɗa da kanta ba guduma. In suka huce sun rungumi juna ke nan. Ka riƙe wannan. Ka kuma riƙe cewa in aiki ya lalace a hannunka sau ɗaya, ka je da ƙafarka ka faɗa wa mai shi, kada ka aika yaro da albishir. Gyara na biyu da mutum ke yi don ya rufe na farko shi ke kashe inji.

Alhaji bai kai ni ko'ina ba, bai aiko da baƙar magana ba. Direbansa ya zo ya ce, "Alhaji ya ce bulok ɗin ya bar maka." Aka ja motar aka tafi. Har yau in muka haɗu wurin jana'iza yana ba ni hannu. Amma ka san Alhazan garin nan, magana ɗaya a zaure bayan la'asar ta isa. Ba wanda ya ce a daina kawo wa Isa aiki, kawai dai aka daina.

Da wannan ne kaɗai, da na ce maka ka dawo, sunan da uba ya ɓata ɗa na iya wankewa. Abin ya wuce nan. A shekarun da suka biyo soja suka karɓi mulki, aka sake zaɓe, aka sake rikici, kowa ya tsuke bakin aljihu. Tsofaffin injunan Turai kuma suka fara shigowa daga bakin teku kamiyo-kamiyo, a haɗe, da mansu a ciki. Mai mota in injinsa ya gaji, sai ya je ya zaɓi wani a ɗora masa kafin magariba. Wa zai jira a yanke masa rami? Su Malam Kalla da ke kusa da ni, waɗanda ba su taɓa ɓata injin kowa ba, su ma sun rufe. Ɗaya yana sayar da man kwalba, ɗaya yana kabu-kabu da furfurarsa. Sana'ar ce ta mutu a garin nan, Laminu. Ni dai na riga sauran shiga kabari.

Kuskuren da ya fi ci mini rai kuwa ba na ƙarfe ba ne. Zama ne. Kullum safiya in wanke fuska in bar Tsibiri in tafi Maraɗi in buɗe rumfa, in shafa wa injin yanka mai, in zauna kan benci ina kallon titi. Damina ta zo, maƙwabta na noma, ni ina cewa ƙila yau wani ya kawo aiki. Gonar gidanmu ciyawa ta cinye ta shekara bayan shekara. Innarka ta koma tuyar ƙuli-ƙuli, hannunta duk tabon mai, da shi ta riƙe ku. Wata rana ta ce mini, "Malam, ko ka tsaya bana mu yi shuka?" Na daka mata tsawa na ce ni ba manomi ba ne. Ba ta sake faɗa ba. Duk lokacin da na tuna yadda ta sunkuyar da kai ta koma wurin kaskonta, sai in ji na tsani kaina. In ka ga sana'a ta mutu, ka yi mata addu'a ka tashi, kada ka zauna zaman makokinta da iyali a bayanka.

Ka san Jadi, mutumin Jiratawa mai zubin tukwane, wanda ke yawo da amalanke yana sayen mataccen goran ruwa. Bulok ɗin Alhaji ya daɗe a kusurwar rumfa, na rufe shi da buhu, ina cewa wata rana zan gano yadda za a tada shi. Jadi in ya biyo sai ya leƙo ya ce, "Malam Isa, gawar nan fa ba ta tashi. Ka ba ni ita ta yi wa mutane amfani." In kore shi, har jifa na taɓa yi masa da tsumman mai. Ya yi dariya ya tafi, ya sake dawowa. Ranar da na gaji na ce ya ɗauka, bin shi na yi har Jiratawa, ban san dalili ba. A gabana ya farfasa shi da guduma, shamis ɗina suka zubo ƙasa ya ture su gefe da ƙafa. Ya zuga wuta, injin da Alhaji ya yi alfahari da shi ya zama ruwa, ya zuba cikin rairayi. Kafin in tashi tukwane sun fito. Ya zaɓi ƙarama ya miƙo mini ya ce, "Kai wa mai ɗakinka."

Ita ce wadda ka ciro takardar nan daga cikinta. A ciki aka dama maka kunu, a ciki aka yi miyar da ka sha duk shekarun nan. Innarka ta so ta ba ka sabuwa, na ce a'a, wannan za ka tafi da ita. In ubangidanka ya fara yaba ka, in mutane suka fara cewa ba injin da ya gagari Laminu, ka koma ɗaki ka dube ta. Hannunka irin nawa ne, na gani tun kana kwance keke. Zuciyarka ma irin tawa ce, kuma wannan ne ke ba ni tsoro.

Yanzu sauran abin da na kasa faɗa maka baki da baki. Ranar da ka durƙusa kana cewa in riƙe maka rumfa, makullinta ba ya aljihuna. Na riga na ba Jadi. Wurinsa na Jiratawa ya yi masa nisa da garaji-garaji, matattun injuna kuma sun yi yawa a gari har amalankensa ba ya ɗauka. Nan zai kafa zugazuginsa. Inda na yi rayuwata ina tada injuna, yanzu nan za a riƙa narka su. Injin yanka na Maigida Tanko na sa a kawo shi Tsibiri da zaran ka tafi, ba mai saye, a bayan ɗaki zai zauna, innarka ta ce ta samu wurin ɗaure awaki. 

Kada ka ɗauka ba na son ganinka. Allah ya sani da zaran motarku ta tashi gidan nan ba zai yi mini daɗi ba. Ina so ka dawo, ka dawo da mata da 'ya'ya, ka same ni da rai in Allah ya yarda, in kuma bai yarda ba ka zo ka yi mini addu'a. Amma ranar da ka zo, in ka sauka tasha ka hau kabu-kabu ka ce masa Tsibiri kai tsaye. Kada ka biya ta layin garaji. Ba na so ka tsaya bakin rumfar nan ka yi sallama da sunana, Jadi ya fito.

Ka riƙe salla, ka kiyayi ruwan teku, an ce yana jan baƙo. Ka riƙa aiko wa innarka da saƙo ko na baki ne, ba ta barci sosai. Allah ya tsare ka a inda idona ba ya kaiwa, ya haɗa ka da ubangida mai koyarwa, ya ba ka kunnen da ni ban samu ba, ya raba ka da girman kai da tsautsayin ƙarfe. Allah ya yi maka albarka duniya da lahira, amin.

Tukunyar ba ta yoyo. Ka riƙa dafa abinci a ciki, kada ka zauna da yunwa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isa